Mai ciwon himofiliya, su wa suka san halin da kake ciki?

Cutar da ba kasafai ake samunta ba tana da wata wahala ta daban: sai ka je asibiti da tsakar dare ka tarar ma'aikacin da ke bakin aiki bai taɓa ganin mai irinta ba. Haka lamarin himofiliya yake, ciwon da ke hana jini saurin tsayawa saboda ƙarancin wani sinadarin daskarewa, wanda ake kira sinadari na 8 ga masu nau'in ciwon na A, na 9 ga masu nau'in B. Kusan namiji ɗaya ne cikin 5,000 ake haifa da shi. Shi ya sa mai lalurar, ko iyayensa, ke bukatar mutanen da suka san abin yi tun kafin rana ta ɓaci.

A fara da gida. Ciwon gado ne, galibi ta wajen uwa yake bi ya faɗa kan 'ya'ya maza, kuma nan ake yawan yin ɓarna. Dangi su ɗora wa uwa laifi, ita kuma ta shiga ɓoye-ɓoye. Ba ita ta zaɓa ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon babu wanda aka sani da shi a danginsu. Ɓoyewar ce ke cutar da yaro, domin ranar da ya faɗi uwar ba ta nan, ba wanda zai gane.

Aƙalla manya biyu a gida su san alamun zubar jini ta ciki. Yaro zai ce gwiwarsa ta yi ɗumi ko tana masa tsikari, ya ƙi miƙe ƙafar, can sai kumburi ya biyo. Kada a murza, kada a ja. A kwantar da gaɓar, a ɗaga ta, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, a nufi inda za a yi masa allurar sinadarin. In kuwa a ka ya bugu, ba a jiran ganin alama.

Malamin makaranta ma a sanar da shi, amma a faɗa masa gaskiya duka: ba a dukan yaron, ba a kuma ware shi gefe kamar ƙwai. Motsa jiki irin ninƙaya yana ƙarfafa tsoka ya kare gaɓoɓi.

Sai likitan jini guda da ya san tarihinka, kana da lambarsa. Ka roƙe shi ya rubuta maka kati mai ɗauke da nau'in ciwonka da maganin da ake ba ka, kullum yana aljihu. A rubuta a jikin katin cewa ba ka shan asfirin ko ibuprofen, kuma a guji yi maka allura a tsoka. Kafin cire haƙori ko tiyata komai ƙanƙantarta, a tuntuɓe shi tukuna.

Akwai kuma abin da likita ba zai ba ka ba, sai wanda ya kwana da ciwon gaɓa irin naka. Frank Schnabel, wanda shi kansa da ciwon aka haife shi, ya kafa Tarayyar Himofiliya ta Duniya a birnin Montreal na ƙasar Kanada a 1963, yau tana da ƙungiyoyi a ƙasashe sama da 140. Ka nemi ta ƙasarku, ko ka halarci taron Ranar Himofiliya ta Duniya, 17 ga Afrilu, da ake yi duk shekara. Zaurukan intanet suna rage kaɗaici, sai dai ni ban yarda a kwafi adadin magani daga can ba, domin da nauyin jiki da tsananin ciwo ake auna shi.

Kada a manta da mai jinya. Uwar da ta kwana uku a asibiti tana bukatar wanda zai karɓe ta, kuma gara a tsayar da sunan mutumin nan tun yanzu, a rubuta lambarsa a bayan katin.