Baftisma a Littafi Mai Tsarki

Baftisma ibada ce da ake yi da ruwa domin shigar da mutum cikin jama'ar masu bin Yesu Almasihu. Asalin kalmar daga Girkanci ne, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, inda "baptizo" ke nufin tsoma abu ko nutsar da shi a ruwa. Fassarorin Hausa sun riƙe kalmar yadda take, ba su ce "wanka" ba, kuma hakan ya dace: wanka mutum ke yi wa kansa, ya maimaita gobe, ita kuwa baftisma wani ke yi masa, sau ɗaya a rayuwa a koyarwar yawancin ikilisiyoyi.

Asali

Tun kafin zuwan Yesu, Yahudawa sun san tsarkakewa da ruwa. Littafin Firistoci ya tsara wankan da ake yi bayan ƙazantuwa, kuma a 2 Sarakuna 5 Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya nutsa sau 7 a Kogin Urdun ya warke daga kuturta. Yohanna Mai Baftisma ne ya ba wa wannan ruwa sabuwar ma'ana. Markus 1:4 ya kira aikinsa baftismar tuba domin gafarar zunubai. Jama'a sun yi ta fitowa daga Urushalima da ƙasar Yahudiya suna furta zunubansu, shi kuwa yana gaya musu cewa mai zuwa bayansa zai yi musu baftisma da Ruhu Mai Tsarki.

Yesu da kansa ya zo Urdun. A Matiyu 3, Yohanna ya so hana shi, amma Yesu ya ce ya kamata su cika dukan adalci. Da ya fito daga ruwan sai sama ta buɗe, Ruhu ya sauko kamar kurciya, murya ta shaida shi. A ƙarshen wannan Bisharar, 28:19, ya umurci almajiransa su almajirtar da dukan al'ummai, suna yi musu baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ma'anarta

A ranar Fentikos, wani idin Yahudawa, da mutane suka tambayi Bitrus, almajirin Yesu, me za su yi, ya ce su tuba a yi musu baftisma da sunan Yesu Almasihu domin gafarar zunubai. Wajen mutum 3,000 suka karɓa a ranar. A cikin littafin Ayyukan Manzanni ba a ɓata lokaci tsakanin ba da gaskiya da shiga ruwa: ma'ajin sarauniyar Habasha ya tsayar da karusarsa a bakin hanya mai wa'azi Filibus ya yi masa baftisma, mai tsaron kurkukun birnin Filibi kuwa da tsakar dare aka yi masa shi da iyalinsa.

Wurin da ma'anar ta fi zurfi shi ne Romawa 6. Manzo Bulus, marubucin wannan wasiƙa, bai ɗauki ruwan a matsayin abin wanke dauɗa kawai ba, kabari ya ɗauke shi. Wanda aka nutsar an binne shi tare da Almasihu, fitowarsa kuma tashi ce zuwa sabuwar rayuwa. A kan haka ya amsa wa masu tunanin a ci gaba da zunubi tunda alheri ya yalwata: wanda ya mutu ga zunubi, yaya zai koma ya zauna a cikinsa? Duk wanda ya taɓa ganin yadda fuskar mutum ke ɓacewa a ƙarƙashin ruwa, sa'an nan ya fito yana jan numfashi, zai gane abin da ya sa wannan kwatanci ya kama zukatan masu bi. A Galatiyawa 3:27-28 ya ƙara wani hoto, na sa tufa: wanda aka yi wa baftisma ya yafa Almasihu, don haka babu bambancin Bayahude da Baheleni (mutumin Girka), bawa da ɗa, namiji da mace. 1 Bitrus 3 kuwa ya haɗa ta da jirgin Nuhu, inda rayuka 8 suka tsira, ya ce ba fid da dauɗar jiki ba ce, roƙon lamiri mai tsabta ne a gaban Allah.

Saɓanin fahimta

Katolika da Otodoks da Lutheran suna koyar da cewa Allah yana aiki ta baftismar kanta, suna dogara da maganar Yesu ga Nikodimu a Yohanna 3:5 game da haihuwa ta ruwa da Ruhu. 'Yan Baptist da makamantansu suna ganin shaida ce ta bangaskiyar da ta riga ta samu, suna kawo misalin gidan Karniliyus, waɗanda Ruhu ya sauko musu kafin su shiga ruwa.

Daga nan muhawarar jarirai ta taso. Masu yi musu suna nuna gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya, kamar na Lidiya, da yadda Kolosiyawa 2 ta ambace ta tare da kaciya. Masu ƙi suna cewa jariri ba ya iya tuba. An yi asarar rayuka a kan wannan: a birnin Zurich na ƙasar Switzerland, a 1525, wasu baligai da aka yi musu tun suna jarirai suka sake yi wa juna baftisma, a 1527 kuma hukuma ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Felix Manz, a Kogin Limmat. A arewacin Najeriya duka ra'ayoyin biyu na nan: Katolika da Anglika suna yi wa jarirai, ikilisiyar ECWA tana nutsar da wanda ya ba da gaskiya da bakinsa, EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) kuwa tana nutsarwa sau 3.