Masu tumatir a bayan gida, ku duba ganyenku, sharon ta shigo

Salamu alaikum jama'a. Satin nan na zagaya wasu gidaje wajen Kura da Garun Malam, kuma kusan duk wadda ta shuka tumatir a buhu ko ɗan lambun bayan gida kukanta ɗaya ne, wai ganye yana yin fari-fari kamar an zuba masa ruwan zafi, daga nan sai ya bushe. To iyayena wannan aikin tsutsar tumatir ne da ake kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kadawa a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Daga Kudancin Amurka ta samo asali.

Uwar tsutsar, wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, da rana ta ɓuya, da magariba ta fito ta zuba ƙwai a ganye, guda ɗaya tana iya yin sama da 200. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba a saman ganye take zama ba, cikinsa take shiga tana ci, shi ya sa za ka ga mutum ya yi feshi sau uku a sati amma a banza, kuɗinsa kawai ke tafiya, ita kuwa tana ƙara sabawa da maganin. Wani ma har haɗa kala uku yake a tanki ɗaya wai don ya yi ƙarfi, don Allah a daina.

Kullum da safe a ɗaga ganye a haska shi da rana, in an ga tsutsa a ciki a tsinke, a ƙona ko a binne da zurfi, kar a yar a gindin shukar domin a ƙasa take rikiɗa ta dawo. Da daddare a ajiye roba da ruwa da ɗan omo, a rataya fitila a kai, hasken zai jawo uwar ta faɗa cikin ruwan, da safe za ku sha mamaki.

Sai darbejiya. A daka busassun 'ya'yanta rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙasan ganye, duk sati. Tana korar farin ƙuda ma, mai sa ganye ya nannaɗe.

In an cire tumatir kar a maye gurbinsa da gauta ko dankalin turawa, dangi ɗaya ne, a sa albasa. Wanda kuma dole sai ya sayi maganin kanti, ya fara nuna wa malamin gona kwalbar, kuma ya jira kwanakin da aka rubuta a jiki kafin ya tsinka a yi miya.