Waiwaye: Daren da Washington ya ƙetare Kogin Delaware

A ƙarshen 1776 yaƙin neman 'yancin Amurka daga Birtaniya ya kusa rushewa. Sojojin Ingila sun fatattaki George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, daga New York, suka bi sawunsa har ya ƙetare Kogin Delaware ya shiga Pennsylvania. Abin da ya fi hana shi barci kuwa wa'adi ne: yawancin dakarunsa sun shiga soja na ɗan lokaci, kuma ranar 31 ga Disamba wa'adin zai cika, kowa ya naɗe kayansa ya koma gida.

A ɗaya gaɓar, garin Trenton na hannun sojojin haya daga yankin Hesse na Jamus masu yi wa Ingila yaƙi, wajen 1,500, ƙarƙashin Kanar Johann Rall. A zamanin, in hunturu ya kankama akan koma bariki ne sai sanyi ya wuce. Washington ba shi da wannan sararin.

Daren 25 ga Disamba ya kwashi mutum kusan 2,400 da igwa 18 domin ya sake ƙetare kogin ya kai wa Trenton hari. Masuntan garin Marblehead na rundunar Kanar John Glover ne suka tuƙa jiragen ruwan, suna kutsawa tsakanin ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa, iska da dusar ƙanƙara na dukan fuskokinsu. An so a gama ƙetarewa tsakar dare, aka kai wajen ƙarfe uku na asuba. Wasu rundunoni biyu da aka shirya za su ƙetare ta wasu mashigai can kudu ƙanƙara ta hana su. Duk da haka aka taka kusan mil tara, wasu ƙafafunsu naɗe da tsumma saboda rashin takalmi.

Wajen ƙarfe takwas na safe suka afka wa garin. Kafin a ankara an kama kusan 900, Rall kuma ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Cikin 'yan ƙalilan da suka jikkata a ɓangaren Amurka har da James Monroe, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyar. Labarin da ake yaɗawa cewa Jamusawan a buge suke da giyar Kirsimeti, masana tarihi ba su yarda da shi ba. Gajiyar sintiri ce ta cinye su.

Da wannan nasara, da alkawarin dala goma ga duk wanda ya ƙara mako shida, Washington ya shawo kan da yawa suka tsaya. Da su ya sake doke Turawan Ingila a garin Princeton ranar 3 ga Janairu, 1777.