Iyakar ikon gwamnatin tarayya a kan makarantun jihohi a Amurka

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tsara abin da za a koyar a makarantun firamare da sakandare, ko zaɓa musu littattafai, ko ɗaukar musu malamai. Wannan aiki na jihohi 50 ne da hukumomin makarantu na yankuna, waɗanda yawansu ya kai wajen 13,000. Ga wanda ya yi lakwal a Tawa ko Yamai, inda manhaja da jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da takardar tura malami ƙauye duk daga ma'aikatar ilimi ta ƙasa suke fitowa, abin zai zo da mamaki: yaron Teksas da na Kalifoniya ba manhaja ɗaya suke bi ba.

Tushen iyakar

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya. Gyara na goma, wanda aka tabbatar a 1791, ya ce duk ikon da ba a bai wa tarayya ba ya rage a hannun jihohi ko jama'a. Daga nan makaranta ta zama ta jiha. A 1973, a shari'ar Rodriguez ta garin San Antoniyo, Kotun Ƙoli ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin asali da kundin tarayya ya kare. A 1995 kuma, a shari'ar Lopez, ta soke dokar tarayya ta 1990 da ta hana riƙe bindiga kusa da makaranta, bisa hujjar cewa majalisa ta wuce gona da iri.

Majalisar ma da kanta ta ɗaure hannun ɓangaren zartarwa. Dokar 1979 da ta kafa Ma'aikatar Ilimi ta tarayya, zamanin Jimmy Carter, ta hana ma'aikatar juya manhaja, tsarin koyarwa, shugabanci da ma'aikatan kowace makaranta, har da zaɓen littattafai. Wato ranar da aka raɗa mata suna aka sa mata dabaibayi.

Inda tarayya ke da ta cewa

Ƙofa biyu ce a buɗe. Ta farko haƙƙin ɗan ƙasa. A 1954, a shari'ar Brown, Kotun Ƙoli ta haramta ware makarantun baƙar fata da na farar fata. Da gwamnan Arkansas ya yi taurin kai a 1957, Shugaba Eisenhower ya aika sojoji garin Little Rock suka raka ɗalibai tara baƙaƙen fata har cikin makaranta. Wannan babi bai kamata mai yabon ƴancin jihohi ya tsallake shi ba, domin da sunan wannan ƴancin ne aka daɗe ana korar yara daga ƙofar aji. Daga baya dokar 1972 ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantar da ke cin kuɗin tarayya, ta 1975 kuma ta wajabta ilimantar da yara masu naƙasa.

Ƙofa ta biyu kuɗi ce, kuma nan ne rigimar take. Abin da tarayya ke zubawa a makarantun gwamnati yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yanki. Amma wannan ɗan kason, tun dokar 1965 ta Lyndon Johnson, yana gangarawa ne musamman zuwa makarantun ƴaƴan talakawa, inda ba a iya cewa a kai kasuwa. Tarayya ba ta ce dole ba, sai dai ta ce ga kuɗi, ga sharaɗi. Kotun Ƙoli ta yarda da haka a shari'ar Dole ta 1987, muddin sharaɗin a bayyane yake, yana da alaƙa da abin da aka ba da kuɗin dominsa, kuma bai kai ga tilas ba. Kowa ya ci ladan kuturu, an san sauran.

Ta wannan ƙofa dokar George W. Bush ta 2002 ta sa a riƙa gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, tare da hukunta makarantar da ta gaza. A 2009 gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 jihohi su yi gasa a kai, jihohi da yawa kuma suka rungumi mizanin bai ɗaya da ake kira Common Core. Iyaye da malamai da gwamnoni suka yi ca, suna cewa manhaja ce aka shigo da ita ta bayan gida. Dokar Disamba 2015 ba ta soke gwajin shekara-shekara ba, amma ta mayar wa jihohi ikon auna makarantunsu, ta kuma hana sakataren ilimi tilasta wa jiha wani mizani ko kwaɗaita mata shi da kuɗi. A Maris 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin fara rufe ma'aikatar, sai dai soke ta gaba ɗaya aikin majalisa ne.

Illar tsarin a fili take. Tunda harajin gidaje ke ɗauke da babban kaso, unguwar masu hali na iya gina ɗakin gwaje-gwaje ta biya malami da kyau, ta kusa da ita kuwa rufin aji na yoyo. Kukan da iyayen San Antoniyo suka kai kotu ke nan a shari'ar Rodriguez, aka kayar da su da ƙuri'ar alƙalai 5 da 4.

Kwatanci da Nijar

Nijar ta taso daga ɗaya ɓangaren, da tsarin da ta gada daga Faransa. Dokar tsara ilimi ta 1998, da ake kira LOSEN, ita ce ginshiƙin ilimin ƙasa baki ɗaya. Abin da aka sassauta shi ne kula da makaranta, ba manhaja ba. Kwamitocin kula da makaranta, da ake kira COGES, sun kafu sosai a jihar Tawa tun daga 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan, inda iyaye ke zaɓen shugabanninsu da ƙuri'ar asiri, kafin a yaɗa tsarin ƙasa duka. Duk wanda ya zauna taron irin wannan kwamiti a ƙarshen damina ya san ajandarsa: wa zai kawo kara da zana a kafa rumfar aji, nawa kowane gida zai bayar na alli, ina sabon mushe, wato malami, zai kwana. A 2016 an miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi wasu ayyukan ilimi, amma a Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisunsu, aka naɗa wakilai daga sama. Albashin malami da ranar jarrabawa kuwa har yanzu daga Yamai ake jiran su.