Zirin Tsirrai na Gaɓar Rafi

Zirin tsirrai na gaɓar rafi fili ne na bishiyoyi da ciyayi da ake bari, ko ake sake dasawa, tsakanin gona da ruwa. Aikinsa shi ne tare laka da ragowar taki da maganin feshi kafin su gangara cikin rafi.

Yadda yake aiki

Idan ruwan sama ya kwararo daga gona, ciyawa kan rage masa gudu, sai laka ta kwanta tare da fosfaras, wani sinadarin taki, da ke manne da ita. Naitirojin kuwa, wanda shi ma sinadarin taki ne, yakan bi ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyi su tsotsi wani, ƙwayoyin bakteriya na ƙasa mai jiƙa su mayar da wani ya zama iska. Inuwar bishiyoyi tana sanyaya ruwa, saiwoyinsu kuma suna riƙe gaɓa kada ta zaizaye.

Tarihi

Binciken da ya fito da darajar wannan ziri ya yi ƙarfi a Amurka wajen farkon shekarun 1980. A 1984 William Peterjohn da David Correll suka wallafa sakamakon aikinsu a yankin Kogin Rhode, jihar Maryland, inda suka nuna cewa dajin da ke tsakanin gonar masara da rafi ya riƙe mafi yawan naitirojin da ya shigo cikinsa. A shekarar dai Richard Lowrance da abokan aikinsa suka sami makamancin haka a jihar Jojiya. A 1991 hukumar gandun daji ta Amurka ta fitar da tsari mai kashi uku: bishiyoyin da ba a taɓawa a bakin ruwa, dajin da ake iya sara a tsakiya, sai ciyawa daga ɓangaren gona.

Mashigin tekun Chesapeake da ke gabashin Amurka ne ya fi shahara a wannan aiki. Taki daga gonakin jihohin Pennsylvania, Maryland da Virginia ya daɗe yana haddasa yawan gansakuka, wadda ruɓewarta ke ƙarar da iskar oksijin har kifi da kawa su mutu. A 1996 aka ƙudurta dasa daji na tsawon mil 2,010 a gaɓar rafukan yankin kafin 2010, aka kuwa cika shi tun 2002. Yarjejeniyar kare mashigin da aka ƙulla a 2014 ta sa burin mil 900 kowace shekara, amma a yawancin shekaru ba a kai ba. Jihar Minnesota ta kafa dokar tilasta zirin a 2015.

Iyakarsa

Inda aka binne bututun tsane gona, kamar a jihar Iowa, ruwan yakan wuce ta ƙarƙashin saiwoyi kai tsaye zuwa rafi. Ƙasar zirin na iya ƙoshi da fosfaras har ta fara sakinsa. Tsohon naitirojin da ke ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma kan ɗauki shekaru yana fitowa, shi ya sa sakamako ke jinkiri.

Masana sun saɓa kan faɗin zirin da ya isa.