Mene ne "hutun magani" ga mai amosanin gaɓɓai?

Hutun magani shi ne likita ya sa mara lafiya ya jingine wani magani na wasu kwanaki ko makonni, da ranar ajiyewa da sharaɗin komawa. Cikin waɗanda ke yawan jin maganar akwai masu amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Nasu ba ciwon tsufa ba ne. Garkuwar ce ta juya tana cin gaɓɓan mai ita, har mace ta wayi gari yatsu sun sage, ɗaura zani ya gagare ta sai hantsi ya dubi ludayi. Magungunan cutar aikinsu dusashe kaifin garkuwar, ita kuwa ita ce mai tsaron rauni bayan tiyata, ita ce mai faɗa da ƙwayoyin cuta. Daga nan hutun ya samo asali.

Sai dai ba kowane magani ke tafiya hutu ba. A 2022 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka da ta masu aikin canjin ƙugu da gwiwa sun fitar da ƙa'ida kan irin wannan tiyata: methotrexate, sulfasalazine, hydroxychloroquine da leflunomide a ci gaba da shan su, don in an ajiye su ciwon yakan taso daidai lokacin da ake son mutum ya tashi ya taka. Allurai irin su adalimumab su ake dakatarwa. Adalimumab ana yin ta duk mako biyu, sai a sa ranar aiki a mako na uku bayan ta ƙarshe. Ƙwayar tofacitinib kuma a ajiye ta kwana 3 kafin aiki. Komawa sai rauni ya kame, an cire zare, babu kumburi babu ruwa, galibi wajen kwana 14.

Alluran nan tsadarsu ta sa ba kowa ke kai musu ba a Sakkwato. Abin da ke cikin ledar yawancin masu cutar da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru shi ne methotrexate da prednisolone, kuma a kansu aka fi yin kuskure.

Methotrexate sau ɗaya ake sha a mako. In zazzaɓi mai ƙarfi ya kama mutum, ko ciwon huhu, ko ƙurji mai mugunya, akan jingine shi har a gama maganin ƙwayoyin cuta a murmure. Haka ma amai da gudawa, domin ta ƙoda yake fita, kuma a zafin Afrilu da Mayu, da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ruwan jiki ba ya wuyar ƙafewa, sai maganin ya taru a jini. Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro: mutum ya ji jiki ba daɗi, ya leƙa kemis ɗin unguwa, a ƙirgo masa Septrin a farar takarda. Septrin da methotrexate ba sa haɗuwa. Tare suna iya danne ɓargo, jini ya yi ƙasa sosai. Mai kemis bai tambaya ba, mai saye bai faɗa ba.

Prednisolone kuwa akasin haka ne. Wanda ya daɗe a kansa, jikinsa ya rage samar da sinadarin da maganin ke maye gurbinsa, don haka yanke shi farat ɗaya na iya jawo kasala, amai da faɗuwar bugun jini, har rai ya shiga hatsari. Ranar tiyata ma ba a barin sa, a rashin lafiya mai tsanani likita kan ƙara shi. Yana kuma ɓoye zazzaɓi, sai cuta ta yi nisa jiki bai yi zafi ba.

Duk wanda aka sa wa ranar aiki, ko da cire haƙori ne, ya kwashi kwalayen magungunansa gaba ɗaya ya nuna wa mai aikin, har da na ciwon jiki irin su diclofenac. Ya roƙa a rubuta masa a kati: wanne zai ajiye, daga yaushe, kuma wa zai duba raunin ya ce a koma.