Ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa ga mata

Ƙaiƙayin gaba mai fitar da farin ruwa ciwo ne da wata ƙwayar halitta mai suna Candida ke haddasawa, wadda dangin funfuna ce da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Nau'in da ya fi yawa shi ne Candida albicans. Ƙwayar ba baƙuwa ba ce, tana zaune a hanji da baki da gaban mata da yawa ba tare da ta cutar da su ba, domin akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da ke tsare wurin, suna hana ta yaɗo. Sai an raunana waɗannan masu tsaro take samun sarari. Kusan mata uku cikin huɗu kan gamu da ciwon aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Idan ya taso sau uku ko huɗu cikin shekara guda, likitoci na ɗaukarsa a matsayin mai yawan dawowa, kuma maganinsa ya bambanta da na wanda ya zo sau ɗaya ya wuce.

Alamominsa ƙaiƙayi ne mai tsanani, wanda kan hana barci, da kumburi da jan fata, da zafi wajen fitsari ko saduwa. Ruwan da ke fita fari ne mai kauri, guda-guda kamar kindirmon da ya tsinke, kuma yawanci ba ya wari.

Sunan "sanyi" da ruɗanin da ke cikinsa

A ƙauyukan Kano da Jigawa kusan duk wani ciwo na gaba "sanyi" ake ce masa, kuma a nan matsalar take soma tsiro. A ƙarƙashin wannan suna guda akwai aƙalla ciwo uku daban-daban. Wanda ruwansa ke da tsinkewa da ƙarni kamar na kifi na bakteriya ne, metronidazole ake ba shi, wato Flagyl. Wanda ruwansa ke da kumfa, launinsa tsakanin rawaya da kore, sau da yawa na wata ƙwayar cuta ne mai suna trichomonas, ta saduwa ake ɗaukarsa, dole a yi wa miji magani tare. Na Candida kuwa ba ya jin maganin waɗannan biyun.

Abin da aka saba gani shi ne mace ta ji kunyar faɗa, ta aiki yaro ko miji kemis ranar kasuwa da saƙon "a ba da maganin sanyi". A ƙullo mata kafso mai ja da baƙi ko Ampiclox a leda. Waɗannan magunguna na kashe bakteriya ne, suna share ƙwayoyin da ke gadin wurin su bar wa Candida fili. Bayan mako biyu ƙaiƙayin ya dawo fiye da da, a sake komawa kemis ɗin. Mata da yawa sun shekara suna wannan zagaye, suna zaton jikinsu ne ba ya karɓar magani, alhali maganin ne ba na ciwon ba.

Sauran abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da juna biyu, ciwon suga da ba a kula da shi ba, cutar ƙanjamau, da daɗewa ana shan magungunan da ke rage garkuwar jiki. Cushe-cushen kayan matsi, da tsarki da sabulu mai ƙamshi ko Dettol har ciki, suna ƙona fata su ƙara wa wurin rauni. Zafin bazara da kamfai na roba da ke riƙe gumi ma suna taimaka masa. Ba a masai ake ɗaukarsa ba, kuma ba a lissafa shi cikin cututtukan saduwa, don haka zargin kishiya ko miji a kansa zalunci ne da ya ɓata zaman gidaje ba dalili.

Magani

Idan ciwon na lokaci ɗaya ne, ana amfani da ƙwayar clotrimazole da ake cusawa a gaba da daddare: mai miligiram 500 sau ɗaya, ko mai 200 dare uku, ko mai 100 dare shida zuwa bakwai, tare da man shafawa a waje. Akwai kuma nystatin na cusawa na dare 14, da fluconazole na sha, miligiram 150 sau ɗaya.

Mai yawan dawowa sai an yi haƙuri da shi. Tsarin da aka fi bi shi ne fluconazole 150 a rana ta 1 da ta 4 da ta 7, sannan ƙwaya ɗaya duk mako har wata shida, bisa kulawar likita. Yawancin mata na samun sauƙi muddin suna kan tsarin, amma kusan rabinsu yakan dawo musu bayan sun daina, sai a sake dubawa. Kafin a ɗora mace a kan wannan doguwar hanya ya kamata a ɗebi ruwan da auduga a kai ɗakin gwaji, a kuma auna suga. Dalili kuwa, akwai nau'o'i irin su Candida glabrata da Candida krusei da fluconazole ba ya yi musu aiki sosai. Ana samun irin wannan gwaji a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Murtala, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Mai juna biyu ba ta shan fluconazole. Na cusawa ake ba ta na kwana bakwai, kuma ranar awo ita ce damar da ta fi sauƙi ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya mace. Miji ba ya buƙatar magani sai idan shi ma yana ƙaiƙayi ko jan fata a kan gabansa. Man shafawar da ƙwayar cusawa na iya raunana kwaroron roba.

A gida, tsarki da ruwa zalla daga waje ya wadatar, daga gaba zuwa baya, a goge a bushe, a sa kamfai na auduga da aka shanya a rana. Idan da zazzaɓi, ko ciwon mara, ko gyambo, ko jini ba lokacin al'ada ba, to ba Candida kaɗai ba ce, a tafi asibiti a ranar.